Filin Tambaya da Amsa: Idan mksquashfs Ya Cije, Kada Ka Yi Saurin Kashe Shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa tsarin Linux irin wanda ake tayar da kwamfuta da shi kai tsaye daga filashi, kuma da mksquashfs nake matse fayilolin su koma dunƙule ɗaya. Girman jakar ya kai gigabait 18, ina matsewa da salon matsewa na xz, a kan kwamfuta mai ƙwayoyin furosesa 8 da ram gigabait 16. Sigar mksquashfs da ke kanta 4.3 ce. Wata 'yar manhaja da na rubuta da Python ce take kiransa kowane dare, tana zuba bayanin ci gaban aikin cikin wani fayil. Matsalar ita ce, a cikin dare goma sai ya cije sau biyu ko uku. Da safe sai in tarar fankar kwamfutar ta yi tsit, aikin bai ƙare ba, kuma bai mutu ba. Wata rana a kashi 41 cikin ɗari ya tsaya, wata rana a 63, sau ɗaya a 99. Babu saƙon kuskure ko ɗaya. In na kashe shi nan take yake mutuwa, in na sake tayar da shi sai ya tafi lafiya lau har ƙarshe. Na canza faifai, na sake girka mksquashfs ɗin, amma ba ta canza zani ba. Shin mksquashfs ɗin ne ke da aibu? — Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Wasiƙarka ta yi mini daɗi, domin ka kawo abubuwan da yawanci sai na yi ta roƙo kafin a faɗa mini: siga, girman aiki, inda ya tsaya, har da shirun fanka. Amma akwai abu guda da kake yi kowace safiya da nake so ka daina, wato kashe shi da zarar ka gan shi a tsaye. Wannan aikin da ya cije shi kaɗai ne ya san dalilin cijewarsa. Yana nan da ransa, duk abin da yake jira a rubuce yake a cikin kwamfutar, kai kuma sai ka zo ka share shi kafin ka yi masa tambaya ko ɗaya. Daga nan sai a koma lalube cikin duhu, yau a canza faifai, gobe a sake girki.

Bari in fara da yadda yake aiki, don ka san wa za ka tambaya. Phillip Lougher ne ya ƙirƙiri SquashFS, tsarin ajiye fayiloli a matse cikin dunƙule ɗaya, ya fitar da shi a 2002, tsarin kuma ya shiga cikin kanel, wato zuciyar Linux, a siga 2.6.29 a 2009. SquashFS ne a ƙarƙashin faifan gwaji na Ubuntu, da kunshin Snap, da AppImage, da OpenWrt na na'urorin rarraba intanet. Shi kuwa mksquashfs, wanda yake gina dunƙulen, ba ma'aikaci ɗaya ba ne. A sigar da ke hannunka akwai zare guda, wato ƙaramin ma'aikaci a cikin manhajar, da yake karanto fayiloli yana yanka su gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa kilobait 128 in ba ka canza ba. Akwai zaruruwan matsewa, adadinsu na bin adadin ƙwayoyin furosesa. Ƙananan fayilolin da ba su kai gunduwa ba ana tattara su wuri guda a matse su tare, su ma da nasu zaruruwan. Sannan akwai mai rubutawa cikin faifai, da babban zare mai tsara jadawalin wane fayil yake ina. Tsakanin kowane mataki da na gaba akwai layin jira mai iyaka. In mai rubutu ya tsaya, layinsa ya cika, masu matsewa su rasa inda za su sauke kaya, mai karatu shi ma ya dakata. In mai karatu ne ya tsaya, sauran su zauna hannu biyu. Daga waje duk kamanninsu ɗaya: lamba ta daina motsi. Saboda haka cewa "ya cije" ba sunan cuta ba ne, alama ce da cututtuka huɗu ko biyar suka yi tarayya a kai.

Wasiƙarka ta riga ta rage mana hanya. Matsewar xz aiki ne mai cin furosesa, ƙwayoyi takwas in suna kai fanka ba za ta yi shiru ba. Tunda ta yi tsit, ba aiki yake yi ba, jira yake. Kuma tunda yana mutuwa nan take in ka kashe shi, da wuya a ce faifai ne mai lalatattun wurare ya riƙe shi, domin wanda faifai ya riƙe sau da yawa ko kill -9 ba ya ji sai faifan ya amsa. Da ka san wannan da ba ka wahalar da kanka da canza faifai ba.

To ga abin da za ka yi ranar da ka sake tarar da shi a tsaye. Nemo lambar da Linux ya ba aikin da umarnin pidof mksquashfs, sai ka rubuta wannan, ka sa lambar a gurbin LAMBAR:

ps -L -o tid,stat,wchan:30 -p LAMBAR

Zai jero maka zaruruwan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da harafin halin da yake ciki da sunan wurin da yake jira a cikin kanel. R na nufin yana aiki. D na nufin yana jiran faifai ko makamancinsa, jiran da ba a katsewa. S na nufin barcin jira na yau da kullum. Kada ganin kalmar futex a gaban yawancinsu ya ruɗe ka, ai haka ma'aikacin da ba a miƙo masa kaya ba yake zama. Wanda kake nema shi ne bare a cikinsu, zaren da yake jiran wani abu daban da na sauran. Shi ne ya tare hanya.

Sai abu na biyu, wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Tun daga siga 4.3, mksquashfs yana amsa tambaya. In a tagar umarni yake gudana, danna Ctrl tare da \ sau ɗaya, zai faɗa maka sunan fayil ɗin da yake kai. Danna sau biyu cikin daƙiƙa guda, zai zayyano halin layukan jiransa da ma'ajiyarsa ta wucin gadi, wanne ya cika, wanne fanko ne. Kai da naka yake gudana a bayan fage, kill -QUIT LAMBAR shi ne daidai da wannan dannawar, amsar kuma za ta bi inda ka karkatar da bayanansa. A sigogin da suka girmi 4.3 kada a gwada wannan, kashe shi zai yi. In ka aika ka ji shiru, babu amsa ko'ina, wannan shirun ma ka rubuta shi, domin yana iya nuna cewa bakinsa ne aka toshe.

Nan ne zargina ya fi ƙarfi a kan lamarinka. Ka ce babu saƙon kuskure ko ɗaya. Ka tabbata babu, ko dai akwai inda suke taruwa ba ka gani? Kowace manhaja a Linux baki biyu gare ta, ɗaya na bayanin yau da kullum, ɗaya na kuka da gargaɗi. Ka gaya mini inda na farko yake zuwa, fayil ɗin da kake karanta kashi 41 da 63 a ciki. Na biyun fa? Je ka buɗe manhajarka ta Python ka duba. In ka ga stderr=subprocess.PIPE, wato an zuba bakin gargaɗin cikin bututu, sannan a ƙasa ka ga wait(), wato jiran ya gama, to kusan mun gano bakin zaren.

Irin wannan ta taɓa cin mini makonni uku. Aikin dare ne kamar naka, yana tafiya lafiya kwana huɗu, ran na biyar ya sandare. Na zargi ram, na zargi zafi, na rage adadin masu matsewa, duk a banza. Ranar da na haƙura na bar shi a tsaye na zauna gabansa, sai ps ya nuna mini zaruruwa goma sha wani abu duk a futex, guda ɗaya tak a gabansa an rubuta pipe, wato bututu. Na liƙa masa strace -f -p, mai nuna abin da manhaja take nema daga kanel, allon ya fito da layi ɗaya ya tsaya cak: write(2, wato rubutu ta bakin gargaɗi, sai farkon wata jimla mai cewa ya kasa karanta wani fayil, ba a ko rufe bakan ba. Yana tsakiyar magana aka riƙe masa numfashi. Bututun da ke tsakanin manhajoji biyu a Linux bait 65,536 yake ɗauka, wato kilobait 64. In ya cika babu mai kwasa a ɗaya gefen, mai zubawa dole ya jira. Manhajar da ta kira shi kuwa tana can tana jiran ya gama kafin ta karanta. Sun yi cirko-cirko, kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido. Dalilin da ya sa ba kullum take faruwa ba shi ne akwai wata jakar ajiyar wucin gadi a cikin kayan da ake matsewa, mallakar wani mai amfani daban, wadda ba mu da izinin karanta abin da ke ciki. Daren da take da fayiloli hamsin, gargaɗi hamsin ne, bututu ya ɗauke su ba wanda ya sani. Daren da aka sabunta manhajoji ta tara dubbai, layi ɗari bakwai ko takwas sun isa su cika bututun. Gyaran bai fi layi ɗaya ba: a karkatar da bakin gargaɗin shi ma zuwa fayil, ko a yi amfani da subprocess.run ko communicate(), waɗanda suke kwashe bututun tun aikin yana gudana. Har yau in na tuna yawan daren da aikin ya lalace saboda wannan, raina yana ɓaci, shi ya sa nake fara tambayar kowa inda gargaɗinsa yake zuwa.

Ban ce lallai ita ce taka ba. In baren zaren naka ba pipe yake jira ba, duba abin da yake riƙe da shi a buɗe da ls -l /proc/LAMBAR/fd. Masu haɗa tsarin Linux irinka suna yawan ɗaura /proc da /sys da /dev da /run, jakunkuna na musamman na tsarin da ke gudana, a cikin jakar da za a matse don su girka kaya a ciki, wani dare a kwance su lafiya, wani dare kwancewar ta gaza saboda wani abu yana riƙe da su, manhajar dare kuma ta wuce ba ta duba ba. Sai mksquashfs ya kutsa cikin abin da ba fayiloli na gaskiya ba ne. /proc/kcore kaɗai yana nuna girman kusan terabait 128 a kwamfuta mai bit 64. Haka in akwai jakar da aka ɗauro daga wata sabar ta NFS, hanyar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, ko wani abu na FUSE, tsarin fayil da wata manhaja ke gudanarwa, sabar ta yi ɗan ɗauke wuta da tsakar dare, mai karatu zai tsaya yana jira iya tsawon ɓacewarta. Kafin kowane aiki ka sa manhajarka ta gudanar da findmnt -R a kan jakar, in ta ga an ɗaura wani abu a ciki ta ƙi farawa. Kuma ka ware waɗannan wuraren ta hanyar ba mksquashfs zaɓin -e ko -ef. Sababbin sigogi suna da -one-file-system, wanda ke hana shi tsallakawa zuwa wani tsarin fayil daban.

Akwai kuma fayil mai girma yana ƙaruwa. In mksquashfs ya gama karanta fayil ya ga girmansa ya canza, yakan yi gargaɗi da kalmomin changed size while reading filesystem, ya koma ya karanta daga farko. In fayil ɗin rajista ne da wata manhaja take ta ƙara wa layi ba tsayawa, zai iya yin ta zagaye a kansa. Ka lura, kowane zagaye gargaɗi ne da yake faɗawa cikin wancan bututun da muka yi magana, don haka cututtukan biyu suna iya haɗuwa a dare ɗaya.

Tsayawar da ya yi a kashi 99 ina ware ta gefe, domin tana iya zama wani abu daban. A ƙarshen aiki ne yake sauke ragowar ƙananan fayiloli da jadawalolinsa, in kuma dunƙulen kai tsaye kan filashi kake rubuta shi, kanel yakan tara rubutun a ram yana sauke shi a hankali, in tarin ya yi yawa ya taka wa mai rubutu burki. Duba layin Dirty a /proc/meminfo, mai nuna yawan rubutun da ba a sauke ba tukuna, ka duba girman dunƙulen yanzu da bayan minti biyu. In lambobin suna motsi, tafiya yake, a hankali ne kawai. Ni dai ban taɓa gina dunƙule a kan filashi ba, a faifan cikin kwamfuta nake ginawa, in kwafa daga baya. Leƙa dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, ma ba ya cin lokaci: in kanel ya rubuta blocked for more than 120 seconds, ko kurakuran karatu, to magana ta koma kan faifai ko wayar da ta haɗa shi da kwamfutar. Ram kuwa ba na zarginta a wurinka. mksquashfs yana ɗibar kashi 25 cikin ɗari na ram don ma'ajiyarsa, gigabait 4 kenan a taka, akwai sarari. Masu gudanar da shi a cikin kwantena, wato keɓantaccen wurin gudanar da manhaja a cikin babbar na'ura, su ne wannan yake cizo, domin yana iya auna ram ɗin babbar na'urar alhali an iyakance wa kwantenar ɗan kaɗan. Su sai su sa -mem da -processors da hannunsu.

Saura tambayarka ta asali, ko manhajar mksquashfs ce da kanta. Tana yiwuwa, kuma ba zan wanke ta ba tare da hujja ba. Manhaja mai zaruruwa da yawa tana iya samun matsalar rige-rige, inda sakamako ya dogara da wanda ya riga wani isa, irin wadda take ɓuya sau ɗari ta bayyana sau ɗaya. Bayan fitowar 4.3 a 2014, Lougher da kansa ya gyara wata irin wannan a wurin jiran ƙananan fayiloli a ƙarshen aiki, kuma siga ta gaba, 4.4, ba ta fito ba sai 2019. Bayanta an yi 4.5 a 2021 da 4.6 a 2023. Kai kana kan abin da ya haura shekara goma, don haka sabuntawa wajibi ce ko da ba ita ce cutar ba. Sake girka tsohuwar sigar da ka yi bai canza komai ba, ita ɗin ce dai ta dawo. Alamar sarƙewar cikin gida ita ce ka ga dukkan zaruruwa a futex, ban da ɗaya ko biyu masu jiran agogo da sigina, babu mai jiran bututu, babu mai jiran faifai. In ka ga haka, buɗe manhajar binciken kurakurai da gdb -p LAMBAR, rubuta thread apply all bt, adana duk abin da ya fito tare da bayanin layukan jira. Da wannan ne masu kula da manhajar za su iya yin wani abu. Rahoton da bai wuce "wani lokaci yana tsayawa" ba, babu mai iya gyara da shi, komai kyan niyyarsa.

Abu na ƙarshe da nake jin tsoro a kanka shi ne murnar wuri. Za ka canza abu ɗaya, dare uku su wuce lafiya, ka ce an gama. Yi lissafi da lambobinka. In a dare goma yana cijewa sau biyu, to ko ba ka taɓa komai ba, yiwuwar dare uku su wuce lafiya ta ɗan haura rabi. Yiwuwar goma su wuce a jere kusan kashi 11 cikin ɗari ce, ashirin kuwa kashi ɗaya da ɗoriya. Saboda haka abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka sa aikin ya maimaita kansa aƙalla sau ashirin kafin ka yarda. Kuma ka ƙara wa manhajarka ɗan mai gadi: in girman dunƙulen bai motsa ba na minti goma, ta ɗauki sakamakon ps da jerin fayilolin da ke buɗe da ƙarshen dmesg ta ajiye maka, kafin ta taɓa shi. In ka samu wannan, aiko mini, za mu duba tare.

TAMBAYA: Malam, ni ma ya taɓa tsaya mini na kashe shi, ya bar fayil mai gigabait 3. Zan iya amfani da abin da ya riga ya matse, ko in sa ya ci gaba daga inda ya tsaya? — Daga wata mai karatu

AMSA: A'a 'yar'uwa, goge shi. mksquashfs sai a ƙarshen aiki yake rubuta jadawalin da ke cewa wane fayil yake ina, da kan dunƙulen wanda ake fara karantawa. Abin da ke hannunki gunduwoyi ne a jere babu mai nuna na wane ne, ba zai ɗauru ba, kuma babu hanyar ci gaba daga tsakiya.

Ki kula da wata ɗabi'arsa kuma. In ya tarar da lafiyayyen dunƙule mai sunan da kika ba shi, ba ya share shi, ƙari yake yi a kansa, sunayen da suka ci karo ya liƙa musu _1 a ƙarshe. Mutum sai ya ga dunƙulensa ya kumbura, ga usr ga usr_1, bai san daga ina ba. Sa -noappend a umarninki yana hana wannan. In kuwa da gangan kike ƙari a kan tsohon dunƙule aikin ya katse, nemi ƙaramin fayil ɗin da sunansa ya fara da squashfs_recovery, da shi ake mayar da dunƙulen yadda yake ta hanyar -recover, don haka kada ki goge shi. In sabon ginin ya kammala, unsquashfs -s zai nuna miki bayanin kansa, -l ya jero fayilolin, amma waɗannan biyun jadawali kawai suke dubawa. Kafin ki raba wa mutane, ki warware shi gaba ɗaya a wata jaka ki gwada da asalin da diff -r.